Bin Sawun Aikin Gwamnati Daga Takarda Zuwa Hannun Talaka: Jagora Ga Ɗalibin Bincike

Sassan nazarin gudanar da harkokin gwamnati sun daɗe a jami'o'inmu. A Kongo ta Zariya an fara horar da akawunan En'e tun 1947, kafin wurin ya zama cibiyar nazarin mulki, sannan ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a yau Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri da wasu da dama suna yaye ɗalibai a wannan fanni kowace shekara, kowanne da kundinsa. Duk wanda ya zauna ya karanta kundayen zai tarar da yawancinsu sun bi hanya ɗaya: a zaɓi take mai cewa tasirin kaza a kan kaza, a raba wa ma'aikata takardar tambayoyi su zaɓi ko sun yarda ko ba su yarda ba, a ƙarshe a ce matsalar ita ce cin hanci da ƙarancin kuɗi da rashin horo. Babu ƙarya a cikin wannan, sai dai ɗalibin ya san shi tun kafin ya fita daga aji. Abin da ake bukata daga bincike shi ne ya nuna daidai wurin da aikin ya tsaya, a teburin wa, a wane wata, kuma saboda me. Matakan da ke biye an tsara su ne domin wannan, kuma za a riƙa misali da cibiyar lafiya matakin farko, wadda jama'a ke kira asibitin sha-ka-tafi, duk da cewa hanyar za ta yi aiki a kan makarantar firamare ko ruwan famfo ko kwashe shara.

Mataki na farko: a ƙuntata tambaya har ta zama abin da ƙafa za ta iya takawa

Take irin su matsalolin kiwon lafiya a ƙananan hukumomin Najeriya ba ya bincikuwa, domin ƙananan hukumomin 774 ne, kuma ɗalibi yana da watanni kaɗan da kuɗin mota kaɗan. Ya kamata ya ɗauki hidima ɗaya, a wuri ɗaya ko biyu, cikin ƙayyadadden lokaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na dunƙulallen kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma wani kaso daga ciki yana tafiya asusun bankin cibiyoyin lafiya da aka zaɓa a mazaɓu. Daga nan tambaya mai kyau za ta iya fitowa: a cikin shekara guda, nawa ne ya shiga asusun cibiyoyin wannan ƙaramar hukuma, a waɗanne ranaku ya shiga, me aka saya da shi, kuma me ya sa wata cibiyar take da magani a kanta wata kuma ba ta da shi alhali kuɗinsu ɗaya?

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna ko tambaya ta nuna. Ɗalibi ya tambayi kansa wace takarda ce ko wane mutum ne ke riƙe da amsar. Idan zai iya cewa amsar tana cikin takardar bayanin asusun banki na cibiyar, da littafin shige da ficen magani, da bakin incaj da shugaban kwamitin raya mazaɓa, to tambayar ta yi. Idan kuwa amsarsa ita ce ra'ayin jama'a, to da sauran aiki. Ina kuma ba da shawarar a gina tambayar a kan kwatanci tun daga farko, domin wuri ɗaya yana ba da labari ne kawai, amma wurare biyu masu kama da juna da suka bambanta a sakamako suna tilasta wa mai bincike ya nemo dalili.

Mataki na biyu: a san wanda doka ta ɗora wa aikin

Kundaye da yawa suna ɗora laifi a kan hukumar da ba ita ke riƙe da aikin ba, kuma wannan kuskure ne da karatun kwana biyu zai kawar. Garambawul na 1976 ne ya shafe tsarin En'e ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisunsu, Jadawali na Huɗu ya lissafa ayyukansu, ciki har da kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara da kuma shiga cikin samar da ilimin firamare da kiwon lafiya, sashe na 162 kuma ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ta cikinsa kasonsu na kashi 20.60 cikin ɗari na rabon arzikin ƙasa ya saba bi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Wanda bincikensa ya shafi kuɗi dole ne ya bayyana ko shekarun da yake dubawa kafin hukuncin ne ko bayansa, kuma kada ya ɗauka cewa yanke hukunci daidai yake da aiwatar da shi. Ya tambayi ma'aji ta wace hanya kuɗin wannan watan ya iso.

A ɓangaren lafiya akwai ƙarin sarƙaƙiya. Tun 2011 aka amince da manufar tattara lafiya matakin farko ƙarƙashin inuwa ɗaya, abin da ya sa jihohi suka mayar da ma'aikatan cibiyoyin ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Saboda haka mai yiwuwa ne ginin na ƙaramar hukuma ne, albashin ma'aikata da canjin wurin aikinsu a hannun jiha, allurar rigakafi ta zo ta hannun hukumar raya lafiya matakin farko ta tarayya da aka kafa a 1992, gidan sauro da maganin zazzaɓi kuma daga wata ƙungiyar agaji. Haka abin yake a firamare, inda hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma suke raba iko bisa dokar ilimin bai ɗaya ta 2004. Ɗalibi ya ɗauki farar takarda ya zana wannan sarƙa da hannunsa, daga Abuja zuwa babban birnin jiha, zuwa sakatariya, zuwa cibiya, layi ɗaya na kuɗi, ɗaya na kaya, ɗaya na umarni, ɗaya na rahoto. Wannan zane shi ne taswirar aikinsa duka, domin kowace gaɓa a cikinsa wuri ne da zai je ya duba, kamar yadda mai lambu yake bin magudanar ruwa taku bayan taku har ya ga inda ta fashe.

Tarihin gyare-gyaren aikin gwamnati, daga kwamitin Udoji na 1974 da gyaran 1988 zuwa shirin inganta yi wa jama'a hidima na SERVICOM a 2004, tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007 da asusun bai ɗaya da aka tilasta a 2015, abu ne da ya kamata ɗalibi ya sani, amma kada ya kwashe shi duka ya zuba a babi na biyu, wato na bitar ayyukan magabata. Ya ɗauki wanda ya taɓa tambayarsa kawai.

Mataki na uku: karatun magabata da zaɓen ra'i

Amfanin ra'i, wato bayanin da masana suka tsara kan yadda abu yake gudana, shi ne ya gaya wa mai bincike inda zai kai idonsa. Max Weber ya siffanta ofis mai aiki da rubutattun ƙa'idoji da fayil da ɗaukar ma'aikata bisa cancanta, kuma wannan ma'auni ne mai kyau na abin da takarda ta ce a yi. Michael Lipsky ya nuna a 1980 cewa ƙananan ma'aikatan da ke fuskantar jama'a ido da ido, irin su malamin aji da ma'aikaciyar jinya da ɗan sanda, su ne a zahiri suke yanke abin da talaka zai samu, domin kullum aiki ya fi ƙarfin kayan aiki kuma dole su zaɓi wanda za su fara gani. Peter Ekeh ya yi bayani a 1975 kan yadda mutum ɗaya yake riƙe amanar ƙungiyar garinsu da gaskiya amma yake kallon dukiyar gwamnati a matsayin ganimar da kowa zai iya ɗiba. A Yamai kuwa, masu bincike na cibiyar LASDEL, tare da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun shafe shekaru suna zama a asibitoci da ofisoshin Nijar suna rubuta ƙa'idojin da ma'aikata ke bi a aikace, waɗanda suka saɓa wa na takarda amma suke da tsari nasu da kowa a wurin ya sani. Sun bibiyi shirin jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka kawo a 2006, suka nuna yadda jinkirin gwamnati wajen mayar wa cibiyoyi kuɗin da suka kashe ya bar su babu magani. A ganina wannan aiki ya fi kusa da abin da ɗalibin Katsina ko Sakkwato zai tarar fiye da yawancin abin da ake kwafowa daga littattafan Amurka, kuma abin takaici ne yadda bambancin harshen boko, su Faransanci mu Turanci, ya raba mu da shi.

Bincike biyu sun cancanci ɗalibi ya nemo su ya duba yadda aka yi su. A Uganda, Ritva Reinikka da Jakob Svensson sun kwatanta kuɗin gudanarwa da gwamnati ta saki domin makarantun firamare da abin da littattafan makarantun suka nuna ya iso tsakanin 1991 da 1995, suka ga cewa a matsakaici kashi 13 cikin ɗari ne kawai ke isa, abin da ya sa gwamnati ta fara buga kuɗin da ta saki a jaridu. A nan Najeriya, Imran Rasul da Daniel Rogger sun yi amfani da rahoton injiniyoyin da suka je suka duba ayyuka kimanin 4,700 na hukumomin tarayya 63, suka tarar kashi 38 cikin ɗari ba a ma fara su ba, kuma hukumomin da ke sakar wa ma'aikatansu mara wajen yanke shawara sun fi kammala aiki. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya dogara a kan tambayar ma'aikata ko suna ganin ana aiki. Sun auna aikin ne da kansa.

Ana samun maƙalu a Google Scholar da rumbun mujallun Afirka na AJOL da ɗakin karatun sashe. Duk abin da aka karanta a rubuta cikakken bayaninsa nan take, ko a kati ko a manhajar Zotero, kuma kada a kafa hujja da aikin da ba a gani da ido ba.

Mataki na huɗu: a fara da takardun hukuma kafin a fita fili

Kasafin kuɗi yana da fuska uku da bai kamata a haɗa su ba: abin da majalisa ta amince da shi, abin da aka saki, da abin da aka kashe. Ɗalibin da ya kawo adadin farko ya ce gwamnati ta kashe kaza a kan lafiya ya yi kuskuren da zai rushe babinsa na huɗu, inda ake kawo sakamakon bincike. Tun bayan shirin Bankin Duniya na ƙarfafa bayyana kuɗin jihohi da aka fara a 2018, jihohi da yawa suna sanya kasafinsu da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku da rahoton babban mai binciken kuɗi a shafukansu na intanet. Akwai kuma babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi a jiha, wanda rahotonsa yake ɗauke da bayanin baucocin da aka biya babu takardun shaida da kuɗin da aka karɓa ba a yi bayaninsu ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga rabon wata-wata. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa, irin wanda aka yi a 2018, yana ba da alƙaluma a matakin jiha, kuma kada a yi amfani da su kamar na ƙaramar hukuma ne. Wanda tambayarsa ta koma zamanin En'e zai bukaci Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukuma ya nemi takarda, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Dama ce ta gaske, amma ina ganin ɗalibi ya ajiye ta sai sauran hanyoyi sun toshe, domin wasiƙar da ta ambaci doka tana sa ofis ya ɗaure fuska, kuma mutanen da zai koma yana neman hira da su gobe su ne za su karɓe ta.

Mataki na biyar: neman izini da shiga wuri

A nan ne lokaci ya fi salwanta, don haka a fara da wuri. Ana bukatar wasiƙar gabatarwa daga shugaban sashe, kuma idan binciken ya shafi marasa lafiya ko bayanansu, sai an sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya ta jiha. Wasiƙar za ta shiga ta rajista, a buɗe mata fayil, ta hau zuwa babban sakatare ko shugaban hukuma, ta sauko wurin darakta. Ɗalibi ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ya san sunan ofishin da fayil ɗin yake a kowane mako, ya kuma girmama akawun rajista da masinja, domin su ne suka san inda takarda ta kwana. Zuwa da kai ya fi saƙo. Yana da kyau ya rubuta ranar da wasiƙarsa ta shiga kowane ofis da ranar da ta fita, domin wannan ma shaida ce kan yadda hukumar take aiki.

Ma'aikatan gwamnati sun yi rantsuwar riƙe sirri, kuma dokokin aiki sun hana su ba da bayani ba tare da izini ba, saboda haka jan ƙafarsu ba lallai ne ya zama alamar ɓoye laifi ba. Takardar izini daga sama ita ce kariyarsu, a ba kowane wanda za a yi hira da shi kwafi. A ƙauye kuma a fara da gaisuwa wurin hakimi ko dagaci da mai unguwa, a bayyana musu a sarari cewa karatu ne, ba rabon tallafi ba ne kuma ba binciken laifi ba ne. Kada ɗalibi ya yarda a kai shi a motar ƙaramar hukuma ko a haɗa shi da jami'in da zai zauna a gefensa yayin hira, ko da an yi masa tayin ne da kyakkyawar niyya. Izinin da ya fi amfani shi ne na gaba ɗaya, mai cewa zai ziyarci cibiyoyi tsakanin wata kaza da wata kaza, ba tare da an tsayar wa kowace cibiya ranarta ba.

Mataki na shida: zaɓen wuraren da za a duba

Ɗalibai sun saba da lissafin Taro Yamane na fitar da adadin mutanen da za a tambaya, wanda idan mutane 2,000 ne ake da su zai ba da 333. Lissafin ba shi da aibi, amma sharaɗinsa shi ne a zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a daga cikakken jerin sunaye. Wanda ya tsaya a bakin sakatariya ya raba wa duk wanda ya gani takarda bai cika sharaɗin ba, komai yawan takardun. A tuna kuma ƙidayar ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, duk adadin jama'a na yau hasashe ne, kuma a faɗi haka a kundi. A irin binciken da muke magana a kai, abin ƙidayar farko shi ne cibiya, mutane suna biyo baya. A karɓi jerin cibiyoyi daga sashen lafiya, a raba su gida-gida, na cikin gari da na nesa da titi, masu samun kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko da marasa samu, sannan a yi ƙuri'a a kowane gida. Idan rashin tsaro ya hana zuwa wata mazaɓa, kamar yadda yake faruwa a sassan Zamfara da Katsina da Borno, kada a jefa rai cikin haɗari, kuma kada a musanya ta a ɓoye. A rubuta cewa an cire ta, domin wuraren da ba sa shiguwa su ne galibi hidima ta fi lalacewa a cikinsu, kuma cire su yana ƙawata hoton fiye da yadda yake.

Mataki na bakwai: aikin fili

Hanyoyi huɗu ne za su tafi tare a kowace cibiya, kuma ƙarfin binciken yana cikin gwama su.

Ta farko ita ce gani da ido. A isa da safe a lokacin da aka ce ana buɗewa, a rubuta ƙarfe nawa aka buɗe. A karɓi jerin ma'aikatan da aka turo cibiyar a kwatanta da waɗanda suke nan, kuma ga duk wanda ba ya nan a tambayi dalili a rubuta shi yadda aka faɗa: yana hutu, ya tafi bita, aikin dare ya yi, ya je banki, ba a taɓa ganinsa ba. Rashin rarrabe waɗannan dalilai zalunci ne ga ma'aikata, kuma yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci, domin cibiyar da bita ta kwashe rabin ma'aikatanta matsalarta daga sama take. A tafi da gajeren jerin magunguna na dole, irin su maganin zazzaɓin cizon sauro da gishirin zawo da ƙwayar ƙarin jini ta masu ciki, a nemi a ga kowanne a kanta tare da ranar lalacewarsa. A duba ko firjin rigakafi yana aiki, ko akwai ruwa, ko akwai hasken da za a karɓi haihuwa da dare.

Ta biyu ita ce littattafan cibiyar: rajistar marasa lafiya, ta awon ciki da haihuwa, katin ajiyar magani, littafin kuɗi, takardar banki, rasidai, da littafin baƙi wanda ke nuna ranar da mai duba aiki ya zo na ƙarshe. A kwafi adadin wata uku daga rajista da hannu a kwatanta da rahoton da aka aika sama na waɗannan watanni. Ba a ɗaukar hoton shafin da ke da sunayen marasa lafiya.

Ta uku ita ce hira, kuma a nan ne ƙwarewa take bayyana. Tambayar da ta ce ko kuɗi yana zuwa a kan lokaci tana jawo amsar ladabi. Wadda ta fi ita ce a ce: kuɗin ƙarshe da ya shigo, yaushe ne, wa ya sanar da ku, su wa suka sa hannu, me kuka fara saya, kafin ya zo da me kuke sayen magani? Mutum yana iya ƙawata ra'ayinsa, amma idan ya shiga ba da labarin abin da ya faru a takamaiman rana, sai ranaku da sunayen ofisoshi su fito, waɗanda za a iya tabbatarwa a takarda. A yi hira da incaj, da ƙaramin ma'aikaci shi kaɗai, da 'yan sa-kai waɗanda a cibiyoyi da yawa su ne ke riƙe da aikin, da shugaban kwamitin raya mazaɓa, sannan a hau sama zuwa jami'an ƙaramar hukuma da na jiha da tambayoyin da aka samo daga ƙasa. A bar babban jami'i zuwa ƙarshe, lokacin da ɗalibi ya riga ya san abin da zai tambaya. Idan mutum bai yarda a naɗi muryarsa ba, a rubuta da hannu, a kuma cike rubutun a daren ranar kafin a manta.

Ta huɗu ita ce jin ta bakin masu zuwa neman hidima. A tare su bayan sun fito, nesa da ƙofa inda ma'aikata ba za su ji ba, a tambaye su tsawon jiran da suka yi, abin da suka biya na kati da gwaji da magani, da abin da aka rubuta musu su saya a kemis. Mafi yawan masu zuwa mata ne, don haka ɗalibi namiji yana bukatar mace mai taimaka masa, musamman idan za a shiga gidaje. Shiga gidajen kuwa wajibi ne ko da kaɗan ne, domin wadda ta daina zuwa asibitin ba za a same ta a bakin ƙofarsa ba, kuma dalilinta ya fi na kowa nauyi.

Takardar tambayoyi tana da gurbinta a nan, muddin gajera ce. A juya ta zuwa Hausa ko Fulatanci ko Barbarci tun a gida, wani daban ya mayar da ita Turanci a ga ko ma'ana ta kauce, a gwada ta a cibiyar da ba ta cikin zaɓaɓɓu, sannan a gyara. Manhajar KoboToolbox tana aiki a waya ko babu intanet, tana kuma riƙe lokaci da wurin da aka cike kowace takarda, abin da ke kare ɗalibi daga zargin cikewa a ɗaki. A lura da lokaci: damina tana cika asibiti da masu zazzaɓi tana kuma yanke hanyoyi, azumi yana sauya lokutan aiki, ranar kasuwa da ranar rigakafi ba kamar sauran ranaku ba ne. A rubuta irin ranar da aka je kowace cibiya.

Mataki na takwas: tantance abin da aka tattaro

A koma kan zanen sarƙar nan a cike kowace gaɓa da adadi da rana. Jadawali ɗaya mai nuna ranar da aka saki kuɗi, ranar da ya shiga asusun cibiya, da yawan kwanakin da ke tsakani, ya fi shafi goma na kashi-kashin masu cewa sun yarda. Excel ya isa yin yawancin wannan aiki, manhajar lissafi ta SPSS kuma ga wanda zai gwada dangantaka tsakanin abubuwa, amma kada a yi gwajin lissafi don kawai an ga na baya sun yi. Da cibiyoyi goma sha biyu, bayyana kowace ɗaya filla-filla ya fi gaskiya. Inda takarda da baki suka saɓa, kada a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya, a koma a tambaya, domin a irin wannan saɓani ne ake gano ƙa'idar da ake bi a aikace. A yi hattara da cewa kaza ne ya jawo kaza. Idan cibiyoyin da mai duba aiki yake yawan ziyarta sun fi tsari, mai yiwuwa ziyarar ce ta gyara su, mai yiwuwa kuma suna bakin titi ne, shi ya sa suke samun ziyara da ma'aikata da magani gaba ɗaya. Cibiyar da ta yi kyau alhali tana nesa kuma babu mai leƙa ta ta cancanci shafuka nata na kanta.

Mataki na tara: rubutu da mayar da sakamako

Mutanen da suka buɗe wa ɗalibi littattafansu suna iya rasa matsayinsu saboda jimla ɗaya. Cire suna bai isa ba, domin incaj ɗaya ne a kowace cibiya; a ba cibiyoyin lambobi, a cire duk siffar da za ta tona su, a ajiye mabuɗin lambobin a wani wuri dabam, kamar yadda Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 da sharuɗɗan kwamitin ɗa'a suka bukata. Kada a rubuta cewa wane ya ci kuɗi. A rubuta abin da takarda ta nuna an saki, abin da ta nuna ya iso, da bayanin da kowane ɓangare ya bayar kan giɓin.

Kowace shawara ta fito daga wani sakamako da ke cikin babi na huɗu, ta kuma ambaci ofishin da ke da ikon aiwatar da ita. Cewa gwamnati ta ƙara kuɗi ba ta da mai karɓa. Cewa hukumar lafiya matakin farko ta jiha ta riƙa aika wa shugabannin kwamitocin mazaɓu saƙon waya ranar da aka tura kuɗi, ko a manna adadin a bangon cibiya, shawara ce da darakta ɗaya zai iya sa hannu a kai. Bayan an kare kundin a gaban malamai, ɗalibi ya taƙaita shi a shafi biyu, ɗaya da Turanci domin hukumar da ta ba shi izini, ɗaya da Hausa domin kwamitocin mazaɓu da cibiyoyin da ya ziyarta, ya kai musu da kansa. Ya kuma bar wa sashensa kwafin tambayoyinsa da jadawalin alƙalumansa bayan an cire sunaye, domin ɗalibin da zai zo bayan shekara biyu ko uku ya koma waɗannan cibiyoyi da ma'auni ɗaya ya ga abin da ya sauya.